Ranar da na yi kyauta da tsibirin Nura a tabarmar buɗa-baki

Ba zan taɓa mantawa da lomar asidar nan, tuwonmu na Sudan, da ta tsaya mini a maƙogwaro ba, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ga samari cike da tabarma sun zuba mini ido, ga Babana a gefe yana tambaya, "Wane tsibiri kuma?" Amma tsaya, na yi gaggawa. Haka nake, in labari ya cika mini ciki sai in kamo shi ta wutsiya. Bari in koma farko.

Ni haifaffen unguwar Hajj Yusuf ne, can gabashin Bahri, tsallaken kogi daga Khartoum a Sudan. Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya iso bakin Nilu ya ce bari ya ɗan huta, hutun da har yau zuriyarsa ba ta gama ba. Lokacin da abin nan ya faru ina aiki a shagon gyaran waya na kawuna, kuma ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne wanda ake hangowa ta tagar mota in ana tsallaka gada za a shiga Khartoum. (Ku riƙe wannan a ranku, don mutumin da zai ba ku labarin yaƙin jiragen ruwa kenan.)

A wayar wani da ya kawo gyara na fara ganin wasan. Taswira na gani da 'yan jirage suna hayaƙi, sai na ji kamar an kira sunana. Na sauke shi a tawa wayar, ba wanda ya koya mini, Turancin ma ba ji nake ba. Danne-danne kawai. Makon farko da hannuna na aika jiragena cikin guguwa suka nutse, ina murna na zaci atisaye na tura su.

Abin da ya kama ni shi ne tarihin cikinsa ba namu ba ne. A duniyar wasan ba a taɓa haƙa mashigin Suez ba, Daular Usmaniyya ba ta faɗi ba, sarautar Sinnar tamu ta Sudan tana nan da ranta, har da jiragen yaƙi a tashar Suwakin. To tunda babu Suez, Bahar Maliya ta zama kamar tulu, baki ɗaya gare ta, can ƙasa a Babul Mandab. Duk wanda ya toshe bakin tulun ya shaƙe na ciki. Kowane ɗan wasa ƙasa ɗaya yake riƙewa, sau ɗaya a rana ake motsa jirage, sauran yinin kuwa duk magana ce: ƙulla ƙawance, lallashi, barazana, rantsuwa. Kuma ga inda daɗin yake, wasan ba ya tilasta wa kowa cika alkawari. Za ka iya rantse wa mutum da safe, da yamma ya ga jiragenka a ƙofar gidansa.

A shagon nan na haɗu da Nura, ɗan Zariya, yana karatun shari'a a jami'a. Ya kawo waya a canza masa gilashi, ya leƙo ya ga taswira a tawa, ya ce, "Kai, wa ya ce ka ajiye jirgin kwal a gaba?" Daga ranar muka ɗinke. Shi ya koya mini rubuta Hausa da boko, don mu a gida magana kawai muke yi da ita, in rubutu ne sai Larabci. Ya saba da gidanmu har Inna ta san ba ya son yaji da yawa. Shi ya kafa mana Ƙawancen Bahar Maliya, shi da abokan karatunsa da ni. Shi ke riƙe da Usmaniyya, shi ne shugaba. Ni aka ba ni Sinnar, ƙasa mai 'yan jirage kaɗan, tsofaffi. Da na ga jiragena ba su da yawa amma bakina yana da yawa, sai na naɗa kaina jakada. Ba wanda ya hana, don ba wanda yake son aikin.

Akwai wani tsibiri a bakin teku, Sokotra, da Nura ya sha wahala kafin ya ƙwace shi. Yadda yake son tsibirin nan abin har ya wuce misali. Hotonsa ya sa a fuskar wayarsa. In ka ce masa ina kwana, sai ya ce lafiya, Sokotra ma lafiya.

Abokan gabarmu su ne Ƙawancen Damina, masu riƙe da Oman da Zanzibar da gaɓar Indiya. Shugabansu Abdulmajid, ɗan Damagaram, shi ma ɗalibi, suna zaune a Omdurman shi da mutanensa. Ba mu taɓa ganin juna ba, sai a guruf ɗin wasan. Mu a gabashin kogi, su a yamma, kuma wallahi in na hau mota na hango Omdurman ji nake kamar ƙasar maƙiya nake leƙawa.

Ana shiga azumi suka toshe mana bakin tulun. Jiragenmu suka maƙale a ciki, kwal yana ƙarewa, su kuma suna waje suna ta zagaye Sokotra. Na ce wa Nura mu nemi sulhu.

"Sulhu da wa?" in ji shi. "Da mutanen da suka nutsar mini da babban jirgina ranar Juma'a? Gara mu ƙare gaba ɗaya."

"Ya zol, mutumina, ka saurara mana, diflomasiyya..."

"Kai dai riƙe Suwakin ɗinka."

To ni a lokacin na kalli bidiyoyi da yawa a kan tarihin jakadu, kaina ya kumbura. Na lura manyan jakadun duniya ba sa jiran izini, kuma in za su yi kyauta ƙasar wasu suke bayarwa. Sai na yi wa Abdulmajid magana ta bayan fage: ku buɗe mana Babul Mandab, mu bar muku Sokotra. (Na san tsibirin ba nawa ba ne. Lissafina shi ne in an gama sai in kai wa Nura magana a dafe, ya yi faɗansa na yini ɗaya, in ya ga jiragenmu sun fita sarari ya rungume ni ya ce ban taɓa ganin jakada irinka ba. Har yadda zan amsa masa cikin tawali'u na shirya.)

Abdulmajid ya ce, "Tayin ya yi kyau. Amma me zai sa in yarda? Alkawari a wasan nan iska ne."

A nan ne dabarar da na fi alfahari da ita a rayuwata ta faɗo mini. Mu a Sudan akwai abin da muke cewa milih da mulah, wato gishiri da miya. In ka sa hannu a akushin mutum ka ci abincin gidansa, shi kenan, an ƙulla, ba ka cutarsa ba ya cutarka. Na ce abin da wasa ya kasa ɗaurewa, asidar Inna za ta ɗaure. Na gayyace shi buɗa-baki a gidanmu. Na ce masa, kai kaɗai, sirri ne.

Jama'a, sirri. A Hajj Yusuf. Cikin azumi.

Ni da aka haifa a unguwar na manta abin da kowane jariri ya sani: a wurinmu namiji ba ya shan ruwa a cikin gida. Ana la'asar sakaliya ake yayyafa wa titi ruwa a shimfiɗa tabarmi a jere, kowane gida ya fito da siniyarsa, babban farantin nan da ake jera kwanuka a kai, a haɗa wuri ɗaya. Dattawa kuma su tsaya tsakiyar hanya da rawunansu suna tare motoci, duk wanda magariba ta kama sai ya sauko ya ci, ko yana so ko ba ya so. Na taɓa ganin Babana ya riƙe madubin wata mota yana rantsuwa har direban ya kashe inji. A irin wannan wurin na shirya taron sirri. Wai tunanina zan ja baƙon ƙarshen tabarma mu yi ƙus-ƙus.

Na ce wa Inna ina da baƙo gobe, ɗalibi ne ɗan Nijar, a ɗan ƙara hannu. Inna ta faɗa wa Baba. Baba ya kira ni.

"Ɗalibi ka ce? Yana azumi a garin nan ba uwa ba uba?"

"Eh, Baba."

"Tamam, ya yi," ya ce.

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ina juya baya ya ɗauki waya ya kira Nura. Wai baƙo ɗalibi ba zai ji daɗi a cikin tsofaffi ba, Nura ya kwaso duk 'yan'uwansa su zo su ɗebe masa kewa. Ban san an yi wannan ba sai daga baya.

Ranar na sa farar jallabiyata ta Sallar bara, na fesa turare, na tsaya bakin titi ina maimaita jawabina. Sai ga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta tsaya. Wani dogo ya fito, mai sanyin fuska, ya ce shi ne Abdulmajid. Kafin in miƙa hannu sai ga wata rakshar a bayanta, sai ga wata. Oman ta sauko, Zanzibar ta sauko, Indiya ta sauko tana gyara hula. Ƙawancen Damina kaf.

Na ja shi gefe. "Malam, ai na ce kai kaɗai."

Ya kalle ni da mamaki na gaskiya. "Haba ɗan'uwa. In ce wa abokan ɗakina na tafi cin asidar gida, su in bar su da ful, ɗumamen waken jiya? Su ma ai sirrin nasu ne."

Ina cikin haɗiye wannan sai wata motar haya ta taka birki, ƙofa ta buɗe, Nura ya sauko rungume da kankana, mutanenmu na biye da shi.

Na yi tunanin gudu. Da gaske. Na ce wa Baba bari in je sayo ƙanƙara, ya nuna mini ƙanƙara cike da kula ya ce zauna. Shi da kansa ya zaunar da su, kuma bai bar kowa kusa da wanda ya zo da shi ba, wai don a san juna. Ya sa Nura daidai gaban Abdulmajid, ni a tsakiyarsu. Sannan ya shiga gabatarwa cikin jin daɗi: "Wannan ɗana ne Nura, ɗan Zariya. Wannan kuma baƙonmu, Abdulmajid, daga Damagaram, a Omdurman yake zaune."

Na ga idon Nura ya ɗan tsaya. Abdulmajid nawa ne 'yan Damagaram a Omdurman? Ya dube shi, ya dube ni. Allah ya taimake ni ladan ya kira salla a daidai lokacin. Aka ci dabino, aka sha hilu-mur mai sanyi, jan abin shan nan namu na azumi da ƙamshinsa ke cika unguwa tun kafin a ga wata. Aka yi sahu a kan tabarmin aka yi magariba. Ban taɓa yin sujada mai tsawo da ikhlasi irin ta ranar ba.

Aka dawo aka buɗe kwanuka. Asidar Inna tana sheƙi, miyar tagaliya ta kewaye ta. Hannuwa suka shiga. Na fara jin sanyi a raina, na ce wataƙila kowa zai ci ya tashi ba tare da an taɓo maganar ba. Na yanko loma babba na kai baki.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abin zai bayyana a idon Abdulmajid. Shi a ganinsa, jakada ya yi tayi, ga shi shugaba ya zo da kansa da dukan mutanensa, har da kankana. Me ya rage? Sai ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta manya, ya ce:

"Malam Nura, gaskiya ka girma a idona. Na san yadda ka sha wuya a kan Sokotra. Ban zaci za ka iya sakin tsibirin nan don zaman lafiya ba."

Hannun Nura ya tsaya a cikin miya.

"Sakin me?"

A nan lomar ta tsaya.

"Wane tsibiri kuma?" in ji Baba. "Nura, kana da tsibiri guda kake zuwa nan kana cinye mini dafaffen waken balila?"

Na shiga tari. Wani ya miƙo ruwa, wani yana dukan bayana. Maƙwabcinmu Ammu Usman, wanda ba ya jin Hausa, ya tambaya da Larabci me ya samu yaron. Ɗan Zanzibar, Allah ya saka masa, ya tsaya ya fassara masa tiryan-tiryan. Ammu Usman ya faɗa wa na kusa da shi, na kusa ya miƙa gaba. Ina ji labarin yana tafiya tabarma bayan tabarma, dariya na binsa a baya, har ya kai kan wasu fasinjoji da aka sauko da su daga mota, waɗanda ba su ma san sunana ba.

Da numfashina ya dawo, Baba ya ce in yi bayani. A gaban dattawan layinmu, da Hausa sannan da Larabci, na yi bayanin cewa akwai wata duniya a cikin waya inda ba a haƙa Suez ba. Ban taɓa jin maganar da na fi ƙauna ta zama shirme a bakina ba sai ranar.

Baba ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Tsibirin naka ne?"

"A'a, Baba."

"Ka tambayi mai shi?"

"A'a."

"Kuma asidar uwarka ka ɗana tarkon da ita."

"Diflomasiyya ce, Baba."

Ammu Usman ya gane wannan kalmar ba sai an fassara ba. Sai da ya kwanta a tabarma.

Kowa yana dariya, ban da mutum ɗaya. Nura ya ci gaba da cin abincinsa a hankali, bai dube ni ba. Can ya ce, ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Da rubutun da na koya maka ka rubuta masa?" Wannan ta fi lomar tsaya mini. Dariyar layi guda zan iya ɗauka. Amma a take na ga ba tsibirin waya nake shirin rasawa ba, mutumin da ke zama a bencin shagonmu yana gyara mini ƙugiyar ɗ da ƙ nake shirin rasawa.

Baba ya yanke hukunci irin nasa. Ya ce shi bai san teku ba, amma duk wanda ya sa hannu a siniyar nan bai isa ya tashi ya nutsar da jirgin ɗan'uwansa ba, ko a waya ne. Aka kawo jabana, butar gahawarmu, kofin gahawa yana zagayawa, sai na ga Nura da Abdulmajid sun koma gefe sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna nune-nune, har da tafawa. Na ce a raina, to ko ba komai sulhun ya ƙullu, tarihi zai wanke ni. Da za su tafi Nura ya yi wa Baba godiya, ya leƙa ya gaida Inna, ni kuwa ko kallo.

Washegari da aka motsa jirage na buɗe taswira. An buɗe Babul Mandab. Sokotra tana nan a hannun Nura. Sannan na duba gida. Jiragen Usmaniyya daga arewa, na Oman da Zanzibar da Indiya daga kudu, duk sun yi sahu a bakin Suwakin. Ƙawance biyun sun zama ɗaya, kuma yarjejeniyarsu ta farko ita ce raba Sinnar.

Na rubuta a guruf: "Jama'a, milih da mulah fa? Jiya kuka ci gishirinmu."

Nura ya amsa: "Gishirin Baba muka ci, kuma Baba ba shi da jirgi. Kai kuwa kowa shaida ne, asidar ba ta wuce maka ba."

Na karanta na sake karantawa, sai na ji dariya ta ƙwace mini ni kaɗai a shago, har kawuna ya ɗago kai. Wanda ya yi fushi da kai har zuci ba ya tsayawa tsara maka irin wannan. Suka bar mini kwale-kwalen kamun kifi guda da sabon muƙami, Jakadan Asida. Da yamma sai ga Nura a bencinsa, ya miƙo wayarsa wai caji ba ya shiga. Na duba, lafiyarta ƙalau. Na yi kamar ina gyarawa, shi ma ya yi kamar yana jira.

Sauran azumin nan 'yan Omdurman ba su daina tsallako gada ba. Inna ta canza tukunya zuwa babba. Ammu Usman in ya hango ni daga nesa sai ya ƙame ya sara mini. In na tuna layin nan da yamma, ƙamshin ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, tabarmi a jere, maƙiyan jiya suna faɗa a kan wa zai suɗe kwano, sai in ji wani abu ya tokare ni a daidai inda lomar ta tsaya.

Azumin da ya biyo baya bai ƙare mana a layin ba. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum aka fara harbe-harbe, Baba ya sake ɗaukar waya ya kira Nura, magana iri ɗaya da ta bara: kwaso 'yan'uwanka ku taho. A tsakar gidanmu suka zauna, a kan tabarmin nan, har aka samu motocin da suka fitar da ɗalibai. Su Abdulmajid gada ta gagare su, ta wata hanyar suka fita, amma sun isa gida lafiya, alhamdu lillahi. Mu kuma muka yi gabas, muka sauka wurin dangi a Port Sudan.

A can na fara ganin teku. Ashe wari gare shi, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Wata rana na shiga mota na je Suwakin ta gaske, na tsaya a cikin rusassun gine-ginenta na ɗauki hoto, ruwa a bayana, na tura guruf. Network ɗin ya daɗe yana juyawa kafin ya tafi. Amsar farko daga Zariya ta zo:

"Jakada, wa ya ba ka izinin shiga ƙasata?"

Abdulmajid daga Damagaram ya ce a yi hattara, ɓangaren da na tsaya nasa ne.

Darasin da na koya dai shi ne, kada ka yi kyauta da tsibirin da ba naka ba. In kuwa shaiɗan ya rinjaye ka sai ka yi, to kada ka yi a Hajj Yusuf cikin azumi, kuma don Allah kada ka ce wa Inna a ƙara hannu.

To ku fa? Na san ba ni kaɗai ba ne na taɓa ƙulla dabara a ɓoye ta kwance a gaban dattawa. Wa ya taɓa zama jakadan da ba wanda ya aika? Ku ba ni naku in ji, ko na samu abin tura wa Nura ya san akwai waɗanda suka fi ni.